Hoto a Matsayin Hujja: Daga Babulen Kurfai zuwa Silimar Jean Rouch

 

  

Maudu'in yau shi ne yadda ake amfani da hoto, na tsaye ko mai motsi, a matsayin hujja cikin binciken rayuwar al'umma. Irin wannan bincike ya rabu gida biyu manya. Akwai mai ƙirga: gidaje nawa, shanu nawa, yara nawa ke makaranta. Akwai kuma mai bin ma'ana, wanda ke son sanin yadda mutane ke fahimtar abin da suke yi da dalilin yin sa. Laccar nan, da ake gabatarwa a Filinge, kan na biyun take. An jingina ta da ƙasar Kurfai ne domin ɗaya daga cikin finafinan da masana halayyar al'umma suka fi yin gardama a kansu a duniya, tushen labarinsa a nan yake, cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai.

Na ɗaya: matsayin hoto a wurin mai bincike

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mai bincike yana karɓar rabin wannan magana ne kawai. Gaskiya ne hoto yana riƙe abin da ido ya tsallake kuma baki ya manta: yadda aka zauna a wurin taro, wa ke kan tabarma wa ke tsugune, wace irin hula, wane irin tsagen fuska. Ana iya komawa kansa sau ɗari bai canza ba. Saboda haka ne Gregory Bateson da Margaret Mead suka ɗauki hotuna kusan 25,000 a tsibirin Bali tsakanin 1936 da 1939, suka zaɓi 759 suka buga a littafinsu na 1942, inda suka jera su don nuna yadda ake renon yara da yadda ake sarrafa jiki. Tun daga nan aka san hoto na iya zama asalin abin nazari, ya wuce adon shafi.

Amma a lura da lissafin: 759 daga cikin 25,000. Wa ya zaɓa? Da wane ma'auni? Hoto kamar shaida ne a gaban alƙali. Ya ga abin da ya gani, amma daga inda yake tsaye ya gani, kuma wani ne ya kawo shi. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya san ko wane ne shaidar, ina yake lokacin da abin ya faru, da abin da ke tsakaninsa da masu shari'a. Masaniyar Ingila Gillian Rose, a littafinta na 2001 kan hanyoyin nazarin hoto, ta ce ma'anar hoto a wurare uku ake ƙulla ta: inda aka ɗauke shi, cikin hoton kansa, da wurin masu kallonsa. Daga baya ta ƙara na huɗu, wato yadda yake yawo daga hannu zuwa hannu. Sauran bayanin zai bi ta waɗannan wurare.

Na biyu: labarin da ya riga kyamara

A shekarar 1925, a Cikal ta ƙasar Kurfai da kewayenta, wasu sababbin iskoki suka bayyana a fagen bori. Sunan da ya fi fitowa a rubuce-rubucen tarihi shi ne na wata mace, Shibo. Waɗanda iskokin suka hau sukan yi tafiyar soja, su sara, su ba da oda, su yi magana da wani irin Faransanci gurɓatacce. A ƙasashen Hausa na Arewa da Adar ana ce musu Babule, a wajen Zabarmawa da Sanwai kuma Hauka. Lokacin, Gado Namalaya ne sarkin Kurfai ƙarƙashin mulkin Faransa, haraji da aikin tilas kuma sun yi wa talaka nauyi. Mabiyan sabuwar ƙungiyar suka ƙi yi wa sarki biyayya. Kumandan Yamai, Horace Crocicchia, ɗan tsibirin Korsika, ya sa aka kama su aka kai Yamai aka kulle. Abin da ya biyo baya shi ne abin mamaki: shi kansa ya shiga jerin iskokin, da sunan Korsasi, ko Kumandan Mugu. Danniyar ba ta kashe abin ba, sai ta watsa shi. Ya bi 'yan ci-rani har ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, ƙarƙashin Ingila.

Can ne Jean Rouch ya same su. Bafaranshe ne, an haife shi a 1917, ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma nazarin addinin gargajiya na Sanwai. A watan Agusta na 1954 ya ɗauki bikinsu na shekara a wani gida cikin daji, bayan garin Akra, wurin wani jagoransu mai suna Mountyeba, mutumin Nijar mai noman koko. Ta bakin Rouch, su ne suka gayyace shi. Fim ɗin ya fito da sunan Les Maîtres fous, tsawonsa wajen rabin awa.

Wannan shi ne aikin farko na mai nazarin hoto, kuma yawancinsa ba a cikin hoton ake yin sa ba. Wa ya ɗauka, yaushe, da izinin wa, da wace na'ura? Tambayar na'ura ma ba ƙarama ba ce. Kyamarar Rouch ta hannu ce, ta Bell & Howell, wadda ake wana wa, kuma ba ta wuce daƙiƙa ashirin da 'yan kai take tsayawa, sai an sake wanawa. Sauti daban aka ɗauke shi, abokan aikinsa Damouré Zika da Lam Ibrahima Dia ne a kai. Ke nan bikin da ya ci yini guda, an tsince shi ne guntu-guntu, aka kai Paris aka ɗinke. Wanda ya kalli fim ɗin ya ce abin ya zo da gaggawa da firgici, ya kamata ya tambayi kansa: nawa ne daga cikin gaggawar nan na bikin, nawa ne na kyamarar?

Na uku: abin da aka gani daban, abin da aka ce yana nufi daban

Nan ne gundarin sana'ar, don haka za a ɗan daɗe a kai.

Masanin tarihin zane Erwin Panofsky, a 1939, ya tsara karatun hoto hawa uku. Hawa na farko siffantawa zalla: me ke cikin hoton. Na biyu, abin da waɗannan abubuwa ke nufi ga mutanen da suka san su. Na uku, abin da hoton ke faɗi game da zamaninsa da tunanin masu shi. Kuskuren da ya fi yawa a wurin ɗalibai shi ne tsalle daga ƙasa zuwa hawa na uku, a fara da hukunci kafin a gama kallo.

A ɗauki wani ɗan wuri a fim ɗin. A siffance, ga abin da ke akwai. Fili ne na gida, an rataye 'yan ƙyallaye a kan igiya. Ga wani suri da aka shafa wa fenti. Ga mutum-mutumin da ake kira gwamna. Ga mai goge yana ja, maza na kewayawa, wasu riƙe da bindigar katako. Sai ka ga ƙafar wani ta fara rawa, numfashinsa ya canza, idanu su juye, kumfa ta cika baki. Wani ya karɓi bakin wuta ya kara a jikinsa. Suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, sharhin Rouch yana ba da sunayen: Kafaran Gardi, Gomno, Janar Maliya, matar likita, direban jirgin ƙasa. A wani wuri sai a ga an fasa ƙwai a kan mutum-mutumin nan, fari da gwaiduwa suna gangarowa. Nan take fim ɗin ya bar dajin ya koma birni, wurin faretin soja, ga gwamnan Ingila na gaske da hularsa mai tuntun gashin tsuntsu yana zubowa. Muryar Rouch ta ce ƙwan kwaikwayon wannan tuntu ne. Sannan a dawo daji.

To, a nan hujja nawa ke hannun mai bincike? Fasa ƙwai hujja ce, kyamara ta gani. Hular gwamna hujja ce, amma a wata rana daban, a wani wuri daban aka ɗauke ta. Alaƙar da ke tsakaninsu kuwa ba kyamara ce ta gani ba. A ɗakin tace fim aka ƙulla ta, sharhi ya ɗaure. Mai kallo yana fita da yaƙinin cewa da idonsa ya ga ana yi wa gwamna ba'a, alhali abin da ya gani hotuna biyu ne da aka jera, da murya a kansu. Mai yiwuwa fassarar daidai ce. Amma fasa ƙwai a wurin tsafi sananniyar sadaka ce a ƙasashen bakin teku na Afirka ta Yamma, tun ba a zancen hular kowa. Wanne ne cikin biyun? Ko duka biyun? Hoton shi kaɗai ba zai raba gardamar ba.

Shekaru da yawa fassarar da ta yi rinjaye ita ce bikin Hauka ba'a ce ga mulkin mallaka, kuma hanya ce ta sauke nauyinsa daga zuciya. Ƙarshen fim ɗin ma can ya karkata: washegari aka nuno mutanen nan cikin fara'a a wuraren aikinsu, wasu suna haƙar rami a gaban asibitin masu taɓin hankali na Akra, kamar ana cewa ga su lafiya lau, sun sami maganinsu. Ba'amurke Paul Stoller, a littafinsa na 1995, ya karanta abin a matsayin tunawa da mulkin mallaka da jiki ke ɗauke da ita. Sai a 2006 Paul Henley na jami'ar Manchester ya sake bin fim ɗin daki-daki, ya ce zancen ba'a an cika shi da yawa. A ganinsa mutanen neman ƙarfin iskokin suke yi don biyan buƙatu irin na kowane ɗan bori, lafiya da haihuwa da kariya, ya kuma jawo hankali ga sawun Musulunci da ke cikin bikin wanda masu sharhi suka tsallake. Duk wanda ya san bori a ƙasar Hausa zai ga ƙarfin wannan magana. Wanda iska ta hau ba ya cewa wasa yake yi. Doki ne, mahayi ke magana.

Darasin aiki a nan mai sauƙin faɗi ne. A littafin mai bincike a raba shafi: gefe ɗaya abin da ke cikin hoto, gefe ɗaya abin da mai ɗauka ko mai rubutun ƙasan hoto ya ce, gefe na uku abin da shi mai binciken yake zato. Idan fim ne, a kalle shi sau ɗaya a kashe sauti, a ƙirga inda aka yanke, a rubuta abin da ya zo kafin kowane yanka da bayansa. Ɗalibin da ya haɗa ukun nan wuri guda, ya riga ya mayar da ra'ayin wani ya zama nasa bai sani ba.

Na huɗu: abin da ya rage a waje

Kowane hoto yana da gefe, kuma bayan gefen duniya ba ta ƙare ba. Wanda ya kalli fim ɗin Rouch ba zai ga Cikal ba, ba zai ga Shibo ba, ba zai ga rikicin sarautar Kurfai ba. Maza 'yan ci-rani zai gani, shekara kusan talatin bayan farkon abin, a ƙasar wani Bature daban. Masanin tarihi ɗan Norway, Finn Fuglestad, wanda ya bi takardun mulkin mallaka, ya buga nazarinsa a 1975, ya nuna cewa a Kurfai abin ya ɗauki siffar tawaye ga sarautar da Faransa ta ɗaure wa gindi. Wannan fuska ta siyasar gida fim ɗin bai ɗauko ta ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba ita ya je ɗauka ba. Laifin na wanda zai ce ya san Babulen Kurfai don ya kalli bikin Akra. Sai an haɗa hoto da takardun ajiya da bakin dattawa, kowanne yana gyara ɗan'uwansa.

Na biyar: masu kallo

An fara nuna fim ɗin a gidan tarihi na Musée de l'Homme a Paris, a 1955. Marcel Griaule, malamin Rouch, ya nemi a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, suna ganin za a ƙara wa masu raina baƙar fata hujja, musamman wurin da aka yanka kare aka ci. Hukumar Ingila a Gold Coast ta hana nuna shi. A 1957 kuma ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice. Shekaru bayan haka, Ousmane Sembène na Senegal ya gaya wa Rouch a fuskarsa cewa masu irin aikinsa suna kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari.

Fim ɗaya ne, ba a ƙara masa komai ba. Malami ya ga abin kunya, ɗalibi ya ga cin mutunci, mai mulki ya ga raini, alƙalan gasa sun ga gwaninta. Ga mai bin ma'ana, waɗannan martani su ma bayanai ne da ake tattarawa a yi nazari, domin suna faɗin abin da kowane rukuni ke tsoro da abin da yake so a gani. Da za a nuna fim ɗin yau a Filinge, malamin zaure da tsohuwar 'yar bori da ɗalibin jami'a ba za su fita da magana ɗaya ba. Kuma koken ɗaliban Paris bai tsufa ba. Hoton da ya bar hannun mai shi yana isa wurin wanda bai san komai game da asalinsa ba, shi kuma zai cike gurbin da abin da ke kansa tun da.

Na shida: mayar da hoto ga masu shi

Hanya mafi amfani da Rouch ya bar wa masu bincike a nan jihar Tilaberi ya same ta, a Ayoru. A farkon shekarun 1950 ya ɗauki farautar dorina da Sarkawa ke yi a kogin Kwara, fim ɗin da ya kira Bataille sur le grand fleuve. A 1954 ya dawo da shi, aka kafa farin ƙyalle, aka tayar da injin lantarki, masuntan suka zauna suka kalli kansu. Da aka gama suka yi masa gyara. Ya sa kiɗa a kan wurin farautar don ƙara armashi. Suka ce a'a, ba a farautar dorina da kiɗa, tana ji daga ƙarƙashin ruwa, kiɗa ƙarfin zuciya zai ba ta. Rouch ya cire kiɗan. A gyara guda ya koyi abin da watannin tambaya ba su ba shi ba, domin bai taɓa tunanin yin wannan tambayar ba. Daga nan ya riƙa mayar da finafinansa ga waɗanda ke ciki, ya kira hanyar nazarin al'umma na tarayya.

A daidai wannan zamani, John Collier na Amurka yana gwada abu mai kama da haka a gabashin Kanada, ya buga sakamakon a 1957. Ya kwatanta hira da hoto a hannu da hira ta baki zalla, ya ga mai hoton ta fi tsawo, ta fi tsayawa kan batu, kuma ba ta gajiyar da wanda ake tambaya. Dalilin a fili yake. Idanu sun koma kan takarda, mutum ya daina jin ana tuhumarsa, ya zama shi ne malami.

A misalta da abin da ke kusa. A ɗauki hoton saniyar Azawak, irin wadda tashar kiwo ta Tukunus ta shahara da ita, a miƙa wa jami'in kiwo, sannan a miƙa wa makiyayi, sannan ga mai sayar da nono. Na farko zai yi zancen iri da yawan madara. Na biyu zai duba ƙaho da tozo da alamar da aka yi mata, ya faɗi ko ta wane gida ce, ya gane daga cikar cikinta da launin ciyawar bayanta ko wane wata aka ɗauki hoton. Ta ukun mai yiwuwa ta tambayi ta wace ce, ta miji ko ta matar, domin amsar ita ke nuna inda kuɗin nonon ke zuwa. Mai bincike ba ya tambayar “me ka gani?” kaɗai. Yana tambayar me ya ɓace a nan, da abin da mutum zai ɗauka da shi aka ba kyamarar.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta haifi wata hanya. A farkon shekarun 1990 Caroline Wang da Mary Ann Burris suka raba wa matan ƙauye kyamarori a lardin Yunnan na ƙasar Sin, matan suka ɗauki rayuwarsu da kansu, suka zauna suka tattauna hotunan, aka kai wa mahukunta. Yau da wayar hannu ta shiga kusan kowane gari, kayan aikin ba su ne matsala ba. Sai dai a tuna wayar sau da yawa a hannun namiji take, ko a hannun saurayi, don haka idon da ke ɗauka ba na kowa da kowa ba ne.

Na bakwai: idan hotuna sun yi yawa

Wanda ke da hoto ɗari biyar ba zai yi wa kowanne irin karatun ƙwan gwamna ba. Sai ya ba kowanne lamba, ya rubuta rana da wuri da mai ɗauka, ya laƙaba masa alamomin abin da ke ciki, sannan ya tara masu alama ɗaya ya ga abin da ke maimaituwa da abin da bai taɓa fitowa ba. Sau da yawa na biyun ya fi magana. Tarin hotunan wani aikin raya karkara da babu mace ko ɗaya a wurin yanke shawara, amma ga su cike a bakin rijiya, ya faɗi wani abu ko game da garin, ko game da mai kyamarar.

Akwai kuma kwatanta hoton wuri ɗaya a zamani biyu. A garin Galma na jihar Tawa, hoton sama na 1975 ya nuna gonaki kusan fayau, na 2003 kuma ya nuna su cike da itatuwa. Aikin Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij da abokan aikinsu na Nijar ya kai ga ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da manoma suka raya, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, a lokacin da duniya ke cewa hamada kawai ke ci gaba. Hoto ya nuna itatuwan sun ƙaru. Dalilin kuwa sai a bakin manoma aka ji shi: barin tohon kututture a gona maimakon sassabe shi, hanyar da Tony Rinaudo ya yaɗa a Maraɗi tun 1983, da darasin yunwar 1984, da kuma yadda manomi ya fara jin itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. A Kisidugu ta ƙasar Gini ma, James Fairhead da Melissa Leach sun nuna a 1996, da taimakon hotunan sama na 1952, cewa kurmin da ke kewaye da ƙauyuka, wanda jami'ai suka ɗauka ragowar dajin da aka cinye ne, mutanen ƙauyukan ne suka raya shi. Irin wannan aiki yana jiran mai yi a Dallol Boso: gawo da goruba, iyakar gona da burtali, kafin farin 1973 da bayansa.

Na takwas: haƙƙin wanda ke cikin hoto

Magana ana iya sakaya sunan mai ita. Fuska ba ta sakayuwa. Saboda haka izini a aikin hoto ya fi nauyi, kuma kashi biyu ne: izinin ɗauka da izinin nunawa. Matar da ta yarda a ɗauke ta a tsakar gida ba ta yarda a manna ta a bangon ofis a Yamai ba, balle a intanet. Akwai gidajen da ke ƙin hoto saboda addini, akwai masu kulle, kuma ƙin nasu abin girmamawa ne, abin rubutawa ne ma a cikin sakamakon bincike. Yardar mai gari tana buɗe ƙofa, amma ba ta maye gurbin yardar mutum shi kansa.

A wannan yanki akwai ƙarin nauyi. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tilaberi, har da Abala da Banibangu. A irin wannan hali hoton mutum tsaye kusa da baƙo, ko hoton garke, ko na rumbu cike, na iya jawo wa mai shi abin da ba a yi nufi ba. Wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto bayanin ranar da wurin da aka ɗauke shi, kuma abin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Haka nan hoton da ya zo ta waya ba a karɓarsa hujja sai an bi asalinsa, domin tsohon hoto daga wata ƙasa yakan dawo da sabon labari, ga kuma na ƙirƙira da kwamfuta ke yi yanzu.

Saura tambayar inda hotuna ke kwana. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙwanni ranar 18 ga Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai, amma yawancin asalin finafinansa a Faransa suke ajiye. A gida akwai cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni, da CELHTO, da LASDEL, inda ɗalibi zai nemi jagora. Akwai kuma taskar da ba ta da mai gadi: hotunan aure da na aikin hajji da na katin shaida da na tsofaffin sojoji da 'yan ci-ranin Akra da Kumasi, waɗanda ke cikin akwatuna a gidajen Kurfai, gara da zafi suna cin su. Roƙon da ake yi ga ɗaliban da ke nan shi ne su fara da waɗannan, da izinin masu su: a ɗauki kwafi, a zauna da dattijon da ya san fuskokin, a rubuta suna da wuri da shekara tun yana da rai.

Nan bayanin ya tsaya.  Fili a buɗe yake ga mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka ji labarin Babule daga bakin iyayensu.